Shigo da motar gida yayin ƙaura zuwa wata ƙasa

Shigo da motar gida yayin ƙaura shi ne tsarin da mutum yake bi domin ya shigar da motarsa ta hawa cikin ƙasar da ya koma da zama, ya biya kuɗin fito ko a yafe masa, sannan ya yi mata rajista bisa dokokin sabuwar ƙasar. Lamarin ya fi shafar ma'aikatan da aka sauya wa wurin aiki, da ɗaliban da suka gama karatu a waje, da jami'an diflomasiyya, da 'yan ƙasa masu dawowa gida bayan dogon zama a ƙetare. Ya bambanta da kasuwancin motoci, domin ba don sayarwa aka shigo da motar ba, shi ya sa ƙasashe da dama suke yi mata sassaucin da ba sa yi wa dillalai.

Hukumomi iri uku ne motar take bi ta hannunsu: kwastam mai karɓar haraji, da hukumar da ke duba ko ƙirar motar da hayaƙinta sun dace da ƙa'idar ƙasa, da kuma ofishin rajista mai ba da lamba. Amincewar ɗaya ba ta ɗaure sauran ba. Mota tana iya fita daga hannun kwastam an biya mata komai, amma a ƙi yi mata rajista. Wadda kuma doka ta haramta shigo da ita tun asali, ana iya kwace ta, ko a tilasta wa mai ita ya mayar da ita inda ta fito da kuɗinsa, ko a murƙushe ta.

Shigowa ta wucin gadi da ta dindindin

Dokokin kwastam suna bambanta baƙo da mazauni. Baƙon da ya shigo da motarsa don yawon buɗe ido ko gajeren aiki yana iya tuƙa ta da lambarta ta waje ba tare da biyan haraji ba, muddin zai fita da ita kafin wa'adi ya cika. Tushen wannan tsari shi ne yarjejeniyar kwastam kan shigar da motocin gida na wucin gadi, wadda aka ƙulla a New York a shekarar 1954, da yarjejeniyar Istanbul ta 1990. Wa'adin ya danganta da ƙasa: a Birtaniya wata 6 ne a cikin kowane wata 12, a Amurka kuma shekara 1, kuma ba a yarda a sayar da motar a can ba.

Wasu ƙasashe suna neman wani littafi da ake kira Carnet de Passages en Douane, wanda ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin FIA da AIT suke bayarwa. Littafin jingina ne cewa idan motar ba ta fita ba, za a biya harajinta. Ana buga masa hatimi a wurin shiga da wurin fita, kuma yawanci shekara 1 yake yi yana aiki.

Wanda ya koma ƙasa da zama ba ya cikin wannan rukuni. Da zarar ya zama mazauni, dole ne ya bayyana motar ga kwastam a matsayin kayan da aka shigo da su na dindindin, ya kuma sauya mata lamba. Ci gaba da yawo da lambar waje bayan an zama mazauni laifi ne a yawancin ƙasashe.

Sassaucin haraji ga mai ƙaura

Yarjejeniyar Kyoto da aka sabunta, wadda Ƙungiyar Kwastam ta Duniya ta amince da ita a 1999 kuma ta fara aiki a 2006, ta ba ƙasashe shawarar su yafe haraji a kan kayan da mutum ya kwaso domin sauya mazauni. Shawara ce kawai, don haka kowace ƙasa tana da ikon sanya mota cikin kayan da aka yafe ko ta cire ta.

A Tarayyar Turai doka mai lamba 1186/2009 ce ta tsara lamarin, kuma ta ɗauki motar gida a matsayin kayan mai ƙaura. Sharuɗɗanta huɗu ne:

Mutumin ya zauna a wajen Tarayyar na tsawon wata 12 a jere.
Motar ta kasance a hannunsa, yana amfani da ita, aƙalla wata 6 kafin ya taso.
A shigo da ita cikin wata 12 daga ranar da ya kafa sabon mazauni.
Kada ya sayar da ita, ko ya ba da aronta, ko hayarta, ko ya jinginar da ita har sai wata 12 sun cika.

Wanda ya saɓa sharaɗi na ƙarshe zai biya harajin da aka yafe masa. Sassaucin bai haɗa da motocin kasuwanci ba. Birtaniya tana da sharuɗɗa irin waɗannan, kuma ana neman sassaucin ne da takardar da ake kira ToR1 tun kafin kaya su iso. Manufar sharuɗɗan ita ce a hana mutum sayen sabuwar mota ana gobe zai taso, ko ya shigo wa wani dillali da ita da sunan ƙaura.

Ba kowace ƙasa ke yin wannan rangwame ba. Ostireliya tana yafe haraji a kan kayan gida, amma ban da mota. Jami'an diflomasiyya kuwa matsayinsu daban ne, domin yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta yafe musu kuɗin fito a kan kayan amfanin kansu.

Yadda ake lissafin haraji

A tsarin lambobin kaya na duniya, motocin ɗaukar mutane suna ƙarƙashin lamba 87.03, daga nan kuma ake rarraba su bisa girman inji da irin man da suke sha. Yawancin ƙasashe suna lissafin kuɗin fito ne a kan jimillar abu uku: darajar motar, da kuɗin dakonta, da kuɗin inshorar tafiya. Sannan a ɗora harajin VAT a kan wannan jimilla haɗe da kuɗin fiton, wato haraji a kan haraji.

Misali, a ce motar da darajarta ta kai Yuro 10,000 an kawo ta Jamus daga wajen Tarayyar Turai, dako da inshora sun ci Yuro 2,000. Kuɗin fito a Tarayyar kashi 10 ne cikin 100, wato Yuro 1,200 a kan 12,000. VAT na Jamus kashi 19 ne, kuma a kan 13,200 za a lissafa shi, wato Yuro 2,508. Harajin gaba ɗaya ya zama Yuro 3,708. Wannan shi ne adadin da mai ƙaura yake tsira da shi idan ya cika sharuɗɗan sassauci.

Kwastam ba dole ba ne ta yarda da farashin da ke kan rasidi. Idan ta ga ya yi ƙasa, tana komawa ga jadawalinta na farashi bisa ƙira da shekara. Bayan kuɗin fito, wasu ƙasashe suna da harajin rajista na musamman wanda yakan fi shi nauyi, kamar BPM a Holan da VRT a Ireland. A Denmark matakin sama na wannan haraji ya kai kashi 150 cikin 100.

Ƙa'idojin ƙira da hayaƙi

Manyan tsare-tsare biyu ne suka raba kasuwar motoci ta duniya. Na farko shi ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Geneva ta 1958, kuma Turai da Japan da ƙasashe da dama suke bi. A ƙarƙashinsa hukuma ce take gwada samfurin mota ta amince da shi, kuma ana ganin alamar harafin E a jikin fitilu da gilasai. Na biyu shi ne na Amurka, inda kamfani da kansa yake shaida cewa motarsa ta cika ƙa'ida, ya manna takardar shaidar a bakin ƙofar direba. Kanada tana da nata wanda ya yi kusa da na Amurka.

Saboda haka mota ɗaya, ƙirar kamfani ɗaya, takan fito da siffa daban a kowace kasuwa. Turai tana buƙatar fitilar hazo ta baya da sigina mai launin ruwan lemo, alhali Amurka ta yarda da jar sigina a baya amma tana buƙatar ƙananan fitilu a gefen mota. Kanada ta wajabta fitilun da ke kunne da rana tun daga motocin 1990. Agogon gudu kuma dole ya nuna mil a Birtaniya, ya nuna kilomita a yawancin sauran ƙasashe.

Motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana zuwa da takardar shaidar dacewa daga kamfani, wadda ke sauƙaƙa rajista a duk ƙasashen Tarayyar. Wadda ba ta da ita sai an yi mata gwaji ita kaɗai, kamar gwajin IVA a Birtaniya ko wanda cibiyoyi irin su TÜV suke yi a Jamus, kuma sau da yawa sai an canza wasu sassa kafin ta ci.

A fannin hayaƙi, Turai tana da matakai daga Euro 1 na 1992 zuwa Euro 6 na 2014. Ko da an yi wa tsohuwar mota rajista, tana iya haɗuwa da tara a cikin birane. A Landan motar fetur da ba ta kai Euro 4 ba, ko ta dizal da ba ta kai Euro 6 ba, tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da ta fita, kuma tun watan Agustan 2023 dokar ta game dukkan unguwannin birnin. Akwai kuma matsalar da ke tasowa idan mota ta bi akasin wannan hanya: motar dizal ta zamani, mai matatar hayaƙi a salansa, tana saurin toshewa a ƙasar da manta yake da sinadarin sulfa mai yawa.

Ɓangaren sitiyari

Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna zaune ne a ƙasashen da ake tuƙi ta hannun hagu, irin su Birtaniya, Japan, Indiya, Ostireliya, Kenya da Afirka ta Kudu. Motocinsu sitiyari a dama yake. Sauran ƙasashe suna bin hannun dama da sitiyari a hagu. Direban da sitiyarinsa yake gefen titi maimakon tsakiya ba ya ganin motar da ke tahowa idan zai wuce wata. Fitilun gaba su ma an karkata haskensu ne zuwa gefen titin ƙasar da aka ƙera motar dominta, don haka idan aka sauya hannu sai su riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Birtaniya da Japan da ƙasashen Tarayyar Turai suna yi wa mota rajista ko ta wane gefe sitiyarinta yake, bayan an gyara fitilu inda ake buƙata. Kenya da Indiya ba sa karɓar mai sitiyari a hagu sai a wasu keɓantattun yanayi. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, Gana kuma a ranar 4 ga Agustan 1974, kuma dukkansu suna hana motoci masu sitiyari a dama. Wannan ya sa mai dawowa Najeriya daga Ingila ba ya iya kawo motar da yake hawa a can yadda take. Mayar da sitiyari zuwa ɗaya gefen aiki ne da ya shafi sandar sitiyari, da birki, da wayoyin lantarki, da jakar iska ta kariya, kuma idan ba a yi shi da kyau ba yana zama sanadin haɗari.

Iyakar shekaru

Ƙasashe masu tasowa da yawa suna hana tsofaffin motoci saboda hayaƙi da haɗurra, wasu kuma don su kare masana'antunsu na harhaɗa motoci. Kenya ba ta karɓar motar da ta haura shekara 8. Saudiyya da Kodebuwa sun tsayar da shekara 5 ga ƙananan motoci, Singafo kuma shekara 3. Afirka ta Kudu ta hana shigo da motocin hannu don sayarwa baki ɗaya, sai dai tana ba masu ƙaura da 'yan ƙasa masu dawowa izini na musamman. Habasha a 2024 ta hana shigo da motocin gida masu amfani da fetur ko dizal, ta bar masu aiki da lantarki.

A Arewacin Amurka abin juyawa ya yi: tsufa ne yake buɗe ƙofa. Motar da ta kai shekara 25 an ɗauke mata ƙa'idojin kariya na Amurka, wadda ta kai shekara 15 kuma an ɗauke mata na Kanada, domin ana ganin irin waɗannan ba su da yawa kuma masu sha'awar tara tsofaffin motoci ne suke nemansu.

Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kai su. A shekarar ce ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar Euro 4 da iyakar shekara 5 ga ƙananan motoci, tare da ba ƙasashe wa'adin shekara 10 su kai ga wannan iyaka.

Jigila

Idan akwai teku a tsakani, hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce jirgin ruwa na musamman da ake kira RoRo, wanda ake tuƙa motar a shiga da ita cikinsa a ɗaure, a kuma tuƙo ta a fito. Ya fi araha, amma dole motar ta kasance tana tashi, kuma yawancin kamfanoni ba sa yarda a bar kaya a cikinta. Ta biyu ita ce kwantena: mai ƙafa 20 tana ɗaukar mota ɗaya, mai ƙafa 40 kuma tana ɗaukar mota tare da kayan gida ko motoci fiye da ɗaya. Ta fi tsada amma ta fi tsare motar daga sata da ƙujewa. A hanyoyin biyu akan nemi a rage man tanki zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka. Wasu kamfanoni suna ƙin ɗaukar motocin lantarki na hannu saboda tsoron gobarar batir.

Inshorar mota ta yau da kullum ba ta aiki a kan teku, kuma abin da kamfanin jirgi yake biya idan kaya sun lalace ƙayyadadde ne, bai kai darajar mota ba. Shi ya sa ake yankar inshorar teku daban. A 2022 jirgin Felicity Ace ya kama da wuta ya nutse a tekun Atilantika kusa da tsibiran Azores ɗauke da motoci kusan 4,000.

Wasu ƙasashe suna duba tsaftar motar saboda kare gonakinsu daga ƙwari da cututtukan tsirrai. Amurka tana buƙatar ƙarƙashin mota ya zama babu ƙasa ko taɓo. Ostireliya da New Zealand sun fi tsanantawa, suna duba tayoyi da ɗakin inji da cikin mota, kuma wadda aka samu da datti ana sake wanke ta da kuɗin mai ita.

Takardu

Takardun da kusan kowace ƙasa take nema su ne takardar mallaka ta asali, da rasidin saye, da takardar dakon kaya da kamfanin jirgi ya bayar, da fasfo da izinin zama, da kuma shaidar zaman da aka yi a waje, kamar takardar aiki ko ta hayar gida. Don tabbatar da cewa an yi amfani da motar, akan nemi tsohuwar rajista da takardun inshora.

Abin da ke haɗa duk takardun shi ne lambar shasi, wadda aka fi sani da VIN. Tun 1981 tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Kuskuren harafi ɗaya a takardar dako yana iya tsayar da mota makonni a tasha. Da wannan lamba ne kuma ake bincika ko motar sata ce a rumbun bayanan Interpol. Motar da ba a gama biyan bashinta ba kuwa ba ta fita sai da rubutacciyar amincewar mai bashi. A Amurka dole a gabatar wa kwastam takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota.

Dokokin wasu ƙasashe

A Amurka ana cike takardar HS-7 ta ma'aikatar sufuri da takarda mai lamba 3520-1 ta hukumar muhalli. Motar da ba ta kai shekara 25 ba kuma ba ta cika ƙa'idar ƙasar ba, sai ta hannun kamfani mai rajista na musamman wanda zai gyara ta, tare da ajiye jinginar da ta kai kashi 150 cikin 100 na darajarta. Wannan tsari ya fito ne daga wata doka ta 1988. Kuɗin fito na asali kashi 2.5 ne ga ƙananan motoci, kashi 25 kuma ga a-kori-kura tun 1964. A watan Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta ɗora ƙarin haraji a kan motocin waje.

Kanada tana karɓar yawancin motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ta hanyar shirin RIV, wanda ke duba gyare-gyaren da aka yi musu. Waɗanda aka ƙera don sauran kasuwanni galibi ba sa shiga sai sun kai shekara 15.

A Birtaniya dole a sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowar mota ta tsarin NOVA, sannan a nemi rajista a hukumar DVLA. Motar da ta haura shekara 3 sai ta ci gwajin lafiya na MOT. Wanda bai samu sassauci ba zai biya VAT na kashi 20, ban da kuɗin fito.

Ostireliya tana buƙatar a samu izinin shigowa tun kafin a loda motar. Mai ƙaura sai ya mallake ta yana amfani da ita wata 12 a jere, kuma mota ɗaya kawai aka yarda masa a cikin shekara 5. Tun ƙarshen 2003 ƙasar ta haramta sinadarin asbestos, wanda ake samu a birki da kulocin tsofaffin motoci.

Najeriya, Nijar da Gana

A Najeriya ana kiran motocin hannu da aka shigo da su tokunbo, kalmar da aka aro daga Yarabanci, a Arewa kuma akan ce 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, saboda wuraren da suka saba biyowa. Mai dawowa gida yana samun sassauci a kan kayan gidansa da ya yi amfani da su, amma mota tana biyan diyuti kamar kowace. Yawancin motoci suna sauka ne a Legas, musamman tashar Tin Can da Apapa. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa don daƙile fasa-ƙwauri daga Kwatano. Iyakar shekaru ta sha sauyawa: a 2010 an ɗaga ta daga 10 zuwa 15, daga baya aka rage ta zuwa 12.

A 2022 hukumar kwastam ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar shasi maimakon ciniki tsakanin jami'i da ejan, abin da ya jawo yajin aikin masu fiton kaya a tashoshin Legas. Ban da diyuti akwai wasu kuɗaɗe da ake ɗorawa, ciki har da VAT wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Da dala ake ƙiyasta darajar, sannan a mayar da ita naira bisa farashin canji na hukuma, don haka faɗuwar naira tun watan Yunin 2023 ta ƙara nauyin diyuti ko da ba a taɓa adadin kason ba.

Nijar ba ta da teku, saboda haka motocinta suna sauka ne a tashoshin maƙwabta su ratso ƙarƙashin takardar wucewa, a biya harajinsu a ofishin duwan na Nijar. Tsohuwar hanya ita ce daga Kwatano zuwa Parakou da Malanville, a tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 an rufe wannan iyaka, sai kaya da yawa suka koma bin Lome ta cikin Burkina Faso, hanyar da ta fi nisa da tsada.

A Gana tashar Tema ce babbar mashiga. Ƙasar ta daɗe tana ɗora tara a kan motocin da suka haura shekara 10, kuma a 2020 majalisar dokoki ta zartar da gyaran dokar kwastam mai hana shigo da irin waɗannan motoci da kuma waɗanda suka yi mummunan haɗari.

Rajista da inshora

Bayan kwastam ta saki mota, sai a kai ta gwajin lafiya, a yanki inshora, sannan a karɓi lamba. Inshorar da ke biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce a kusan ko'ina. A Najeriya kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Don tsallaka iyakoki akwai koren kati a Turai da wasu maƙwabtanta, da kati mai ruwan ƙasa na ECOWAS wanda aka kafa a 1982. Ana kuma bukatar a soke tsohuwar rajista a ƙasar da aka baro, domin in ba haka ba haraji da tara suna iya ci gaba da taruwa da sunan mai motar.

Matsaloli da auna riba

Asarar da aka fi yi tana faruwa ne idan aka loda mota kafin a tabbatar doka ta yarda da ita. Kowace tasha tana ba da 'yan kwanaki kyauta, bayan haka kuɗin ajiya yana hauhawa kullum, kuma kayan da suka wuce wa'adi ba a fitar ba kwastam tana iya yin gwanjonsu. Akwai kuma ejan na bogi da takardun diyuti na jabu. Motar da aka fitar da irin waɗannan takardu ana iya kama ta a kan hanya ko bayan shekaru, ko da ta riga ta sauya hannu.

Ko bayan rajista wasu wahalhalu suna biyo baya. Garantin kamfani sau da yawa ba ya tsallaka yankin da aka sayar da motar. Ƙirar da ba a saba da ita ba tana wahalar samun kayan gyara da makanikin da ya san ta, kamfanonin inshora sukan caje ta da tsada, kuma farashinta yana faɗuwa idan za a sayar. Motocin lantarki suna da ƙarin matsalar bakin caji, domin Turai da Arewacin Amurka da Japan da Sin kowanne da irin nasa.

Saboda haka ake kwatanta lissafi biyu kafin a yanke shawara. A gefe ɗaya akwai kuɗin dako da inshora da haraji da gyare-gyare da ladan ejan. A ɗaya gefen akwai abin da za a samu idan aka sayar da motar kafin a taso, da farashin irinta a sabuwar ƙasa. Shigowa ta fi yin riba idan mai ƙaura ya cancanci sassauci, ƙasashen biyu suna bin ƙa'idar ƙira ɗaya da hannun tuƙi ɗaya, kuma motoci suna da tsada a inda za a je. Ga tsohuwar mota mai ƙaramar daraja kuwa, kuɗin kai ta yakan zarce kuɗinta.